Wanda Ake Kora

Ranar Talata ce, kuma tun kafin gari ya waye ake yayyafi, irin wanda ba ya ɗaukewa kuma ba ya zama ruwan kirki. Ƙamshin guga ne ya tashe ni. Umma tana tsaye a bakin tebur tana goge fararen riguna biyu iri ɗaya, ɗaya tawa, ɗaya ta Lauya. Tasa ta fara gogewa. Na lura. A lokacin duk abin da ya haɗa ni da shi sai na lura.

Shekara talatin da ɗaya Umma ta yi tana fafatawa da masu gidajen haya. Ta fara ne ranar da aka watso kayanta da na marigayi Baba kan titi, tana ɗauke da cikin Yayata. Daga nan ba ta sake zama ba. Ita ta kafa ƙungiyar 'yan haya, wadda ofishinta ɗaki ɗaya ne a bayan shagon mai faci, da tebur, da benci biyu, da kabad ɗin ƙarfe da ba ya rufuwa sai an doke shi da gwiwa. Ni da Yaya mun tashi muna raba katifa da 'ya'yan mutanen da aka kora. Ka dawo gida ka tarar da baƙon yaro sanye da rigarka, ka yi magana a ce maka kai ai kana da rufi a kanka. Yaya takan ce mu ma 'yan haya ne a wajen uwarmu, kuma mu kaɗai ne ba mu da ƙungiya.

Waɗannan ban cika jin haushinsu ba, don suna zuwa suna tafiya. Lauya ne ya zo bai tafi ba.

Ba lauya ba ne tukuna, saura masa shekara ɗaya ya gama karatun, amma kowa haka yake kiransa. Sa'ana ne, wata biyu ma na ba shi. Iyayensa suna zaune a bayan asibiti, inda titi yake da kwalta da fitilu. Ya zo ofis da jaka a hammata wai yana so ya taimaka, kafin sati biyu ya fara kiran uwata Umma, kamar tare ta goya mu. Ni kuwa a aji biyu na sakandare na bar makaranta. Na yi wankin mota, na yi kwandasta, na taɓa gyaran waya, na ƙare a shagon walda, nan ma na daɗe ne don maigidana mai haƙuri ne. Idan Umma tana son a rubuta wasiƙa, sai ta kira Lauya. Idan tana son a aro benci a maƙwabta, sai ta kira Auta. Ni ne Auta.

Shekara biyu kafin wannan Talatar, ruwa ya cinye gidajen bakin rafi, unguwarmu ke nan. Namu ya tsira don yana kan ɗan tudu. Hukuma ta hana a sake gini a wurin, ta ba wani kamfanin gidaje fili bisa sharaɗin zai ba waɗanda ruwa ya kora haya a gidajensa kamar kowa. Kamfanin ya karɓi fili ya yi gini, amma duk ɗan bakin rafin da ya je neman ɗaki sai a ce masa babu. Iyali goma sha ɗaya suka rage a wani tsohon sito, labule ne kawai tsakanin kowane gida da na kusa da shi. Cikinsu har da Tela, ƙawar Umma, da keken ɗinkinta da 'ya'ya uku, ƙaramar tana tari tun daminar bara saboda sanyin siminti.

Kwamitin gidaje ya ce wa Umma shaida yake so, ba kuka ba. Sai ta fito da wata hanya. Samari biyu, riga iri ɗaya, takalmi iri ɗaya, da magana ɗaya da muka haddace: saurayi ne mai aiki, yana neman ɗaki da falo, kuma zai iya biya. Ni in je da ƙarfe goma, Lauya ya je sha ɗaya da rabi ta wata hanyar. Kowane wakilin gida akwai tambayar da yake yi kafin ya taɓa makulli: daga ina za ka taso? Nan kaɗai muke bambanta, kuma kowa gaskiyarsa yake faɗa. Lauya ya ce bayan asibiti, ni in ce bakin rafi. Bayan nan ba haɗuwa, ba waya, sai kowa ya cike takardarsa shi kaɗai ya sa hannu. Umma ce ta tsara takardar: ƙarfe nawa ka shiga, ƙarfe nawa ka fito, an ba ka wurin zama ko ba a ba ka ba, ɗaki nawa aka nuna maka, me aka ce maka. Takan ce mu rubuta abin da kunne ya ji, abin da zuciya ta ji kuwa kwamiti ba ya karanta shi.

Sau goma sha tara muka yi haka, a gidajen kamfanin daban-daban, gaban wakilai daban-daban. Sau goma sha tara ina tsaye a bakin ƙofa. Mafi daɗewata minti shida ne, shi ma don wakilin yana waya. Wani ya ce ɗaki jiya ya ƙare. Wani ya ce in leƙo bayan wata uku. Wani bai ma fito ba, maigadi ya aiko ya sallame ni. Lauya kuwa har bayan takardarsa yake cikawa. An ba shi kujera, an kawo masa ruwan sanyi, an nuna masa ɗaki uku, an kunna masa famfo ya ga ƙarfin ruwa. Idan muka kai takardun, Umma ta karanta tawa a tsaye, ta ce madalla, sannan ta ja kujera ta zauna da tasa da jan biro, su haɗa kai suna bin layi-layi har shayin da ke gabana ya huce.

Sati biyu kafin wannan Talatar aka yi taron ƙungiya a sito. Umma ta tsayar da mu a gaban jama'a don su san masu yi musu aiki. Ta dafa kafaɗar Lauya ta ce wannan shi ne hannunta na dama. Sannan ta nuna ni.

"Wannan kuma autana ne. Shi ake kora."

Aka yi dariya. Ba da mugunta ba, na sani, har da tafi aka yi min. Wani tsoho mai gyaran takalmi ya ce ai yaron nan Allah ya yi masa fuskar aikin, ko shi ne mai gida sai ya kore ni. Nan take ya raɗa min Sha-Kora. Kafin kwana uku sunan ya riga ni zuwa shagon walda. Kuma a wannan taron, ina kwashe benci, na ji Tela tana tambayar Umma wa zai riƙe ofis idan gwiwoyin nan nata suka ƙi. Umma ta ce ai Allah ya riga ya kawo. Ba ni take kallo ba.

Wannan Talatar ita ce zuwa na ashirin, kuma na ƙarshe. Sabon benen ne mai hawa uku, wanda aka gina a kan filin da hukuma ta bayar. Umma ta ce idan aka kama su a nan, magana ta ƙare, don saura sati uku a zauna a gaban kwamiti. Lauya ya zo karɓar rigarsa yana atishawa. Laima ɗaya ce a gidan, Umma ta miƙa masa, ta ce shi ba ya jure sanyi, ni kuwa na saba. Na sa rigata a leda na fita cikin ruwan. A rumfar wani gidan mai na canza, na goge takalmina da tsohuwar rigar.

Maigadi ya kira wakilin. Gajeren mutum ne mai fara'a, tabarau rataye a wuyansa da igiya, tarin makullai a ƙugunsa. Na yi masa maganar da na haddace. Ya tambayi aikina, na ce walda. Sannan ya yi tambayar.

Ban shirya ba. Ko a hanya ban yi tunanin abin ba. Bakina kawai na ji ya ce, "Bayan asibiti."

"To Yallaɓai, shigo mana daga cikin ruwan nan."

Tunda aka haife ni ba a taɓa ce min Yallaɓai ba sai da zolaya. Ya kai ni ofishinsa, ya janyo min kujera mai laushi, ya sa aka kawo shayi a kofin tangaran da ɗan faranti a ƙarƙashinsa. Ya ba ni fom in cike. Ban taɓa ganin fom ɗin nan da idona ba, sai dai a labarin Lauya. Na rubuta sunana na gaskiya da lambar wayata, don haka muka saba yi. A layin unguwa na rubuta bayan asibiti.

Ɗaki huɗu ya nuna min. Na huɗun shi ne lamba goma sha huɗu, a hawa na biyu. Warin sabon fenti, ƙasa da tayil mai sheƙi, ƙofa tana rufuwa ba ƙara. Ya kunna famfo, na sa hannuna a ƙarƙashin ruwan na bar shi ya daɗe. Ta taga ana hango rafi, ana hango rufin sito da tsatsarsa. Na juya wa wannan baya na duba ƙarfen tagar, don idon mai walda ba ya wuce ƙarfe. An ɗiɗɗiga waldar ne kawai, ba a ja ta ba. Na kama na girgiza, ta motsa. Na ce wa wakilin yaro ma zai iya ɓalle wannan da ƙafa. Ya sa tabarau ya duba, ya riƙe baki, ya ce ashe injiniya ya kawo gidan. Ya juya fom ɗina ya ce in zana masa inda ya kamata a ƙara ƙarfe, zai nuna wa manya. Na zana da hannuna, na sa awo, har na ja layi biyu a ƙarƙashi. Ya rako ni har ƙofa, ya ce zai riƙe min lamba goma sha huɗu zuwa ƙarshen wata. Maigadi ya ɗaga min hannu.

Minti arba'in da bakwai na yi a ciki. Daɗin abin ya raka ni tsawon layi ɗaya. A kwanar layi na biyu na tuna akwai takarda a aljihuna.

A bayan shago na zauna a kan tulun gas na cike ta. Zan iya rubuta gaskiya. Da zuwa na ashirin ya lalace, shi ke nan, a nemi wata dabara. Amma na hango fuskar Umma, na kuma hango Lauya yana cewa ba komai, kowa yana kuskure, da muryar nan tasa mai sanyi. Wannan na fi tsoro. Sai na rubuta na shiga goma da minti biyar, na fito goma da minti takwas. Ba a ba ni wurin zama ba. Ba a nuna min ɗaki ba. Da na zo layin abin da aka ce min, hannuna ya riga ya ɗauki gudu. Na rubuta wakilin ya ce mutanen rafi ba sa zama a gidan nan, daga sama aka hana a ba su. A zuwa goma sha tara babu wanda ya taɓa faɗar haka a fili.

Umma ta fara karantawa a tsaye kamar kullum. Sai ta nemi kujera ta zauna, ta sake karantawa.

"Da bakinsa ya faɗi haka, Auta?"

"Da bakinsa."

Ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce shekara biyu tana jiran ɗayansu ya yi suɓul da baka. Ta buɗe fayil, ta ɗora tawa a saman duka, a kan ta Lauya.

Sati ukun nan ba zan ce ban ji daɗinsu ba. Duk wanda ya shigo ofis sai Umma ta ce in maimaita masa abin da wakilin ya faɗa. Na maimaita har na fara jin muryarsa yana faɗa. Ita da kanta ta zaunar da ni kusa da tebur tana koya min yadda zan karanta a gaban kwamiti, kada in yi sauri, kada in kalli ƙasa. Wata rana baƙi suka yi yawa, ta ce Lauya ya je ya aro benci. Na bi shi da ido har ya fita. Tela ta ɗinka min sabon wando ta ƙi karɓar komai, ta ce ranar da ta tare ni zan fara yi mata ƙarfen taga. Yaya ce kawai ta dube ni ta ce tunda na fara cin abinci ina kallon kwano, akwai abin da na haɗiye. Na ce ta ji da mijinta.

Saura kwana biyar a zauna a gaban kwamiti Lauya ya zo shago. Ya tsaya nesa da tartsatsi yana kare ido da hannu har na kashe inji. Ya ce akwai abin da yake ta cin ransa. Ranar da ya je benen, wakilin ya gaya masa lamba goma sha huɗu an riga an yi magana a kanta, wani saurayi ya zo da safe ya so ta, har ya gano musu aibi a ƙarfen taga. A takardarsa ya rubuta an ce wani ya riga shi, bai ƙara komai ba, don a lokacin bai kawo komai a ransa ba.

"Ɗan'uwa, samari nawa ne za su shiga sabon ɗaki su fara da girgiza taga?"

Na ce ya je ya ƙirga su. Ya ce bai gaya wa Umma ba, kuma ba zai gaya mata abin da ba shi da tabbas a kai ba. Amma idan akwai wani abu, yanzu ne lokacinsa. A cire takarda ta ashirin, goma sha tara sun isa a yi faɗa da su.

Da wani ne ya faɗa min haka, wataƙila da na sauko. Amma shi ne, tsaye da wankakkun hannuwansa, yana ce a cire takardar da ta zaunar da ni kusa da uwata.

"Sau ɗaya aka ɗora tawa a kan taka," na ce, "har barci ya gagare ka."

Ya buɗe baki zai yi magana, na kunna injin gurza ƙarfe. Ya ɗan tsaya, sannan ya tafi.

Kwamitin ya zauna a wani dogon ɗaki mai fanka biyu, ɗaya ce ke aiki. Mutum uku a tebur, shugabarsu wata dattijuwa mai rubutu da hannun hagu. Mutanen sito suka cika bencin baya, kowa ya sa kayansa mafi kyau. Umma ta yi bayani a tsaye, ta dafa tebur saboda gwiwa. Lauya ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, tawa da tasa, tawa da tasa, kuma na ga shugabar ta daina rubutu tana saurare. Sannan aka kira ni. Na karanta ta ashirin yadda aka koya min, ban yi sauri ba, ban kalli ƙasa ba. Da na zo maganar wakilin, bencin baya ya ɗauki guna-guni.

Lauyan kamfanin ya tashi. Mutum ne mai ladabi, har sannu da ƙoƙari ya yi min. Ya tambayi cikakken sunana, na faɗa. Ya karanto wata lambar waya ya ce ko tawa ce, na ce tawa ce. Ya tambayi sana'ata. Sannan ya zaro takarda ɗaya daga jakarsa ya miƙa wa shugabar, ta duba gaba, ta juya baya. Daga inda nake tsaye ina ganin zanen tagar da layi biyun da na ja.

Aka shigo da wakilin. Yana ganina ya sa tabarau.

"Shi ne, ranki ya daɗe. Yallaɓai mai taga. Har yau ɗakinsa na riƙe masa." Ya juyo gare ni, kuma ba fushi na gani a fuskarsa ba. "Ni na ce maka haka? Ni da na ba ka shayi?"

Shugabar ta ɗaga takardun biyu, ɗaya a kowane hannu, ta ce duka rubutuna ne, duka rana ɗaya ce, in gaya mata wacce ce gaskiya. Na nemi Umma da ido. Ba ni take kallo ba, fayil ɗin da ke gabanta take kallo. Na ce fom ɗin ne gaskiya, sai dai layin unguwa.

Lauya ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan ba zan hana shi ba. Ya ce a jefar da ta ashirin, a dubi sauran. Ya ce fom ɗin ma shaida ne, tunda sai da na ɓoye unguwata aka buɗe min ƙofa. Shugabar ta ce ta ji, kuma a ranta tana da abin da take zato. Amma duk takardun kora hannu ɗaya ne ya rubuta su, ba mai shaida sai shi, kuma hannun nan ya rubuta abin da bai faru ba, ya sa wa mutum magana a baki, ya karanta a gabanta bai ƙifta ido ba. Takardun Lauya kuwa abin da suka nuna kawai shi ne an nuna wa wani saurayi ɗaki, wannan kuma ba wanda ya yi musu a kai. Ta ce ƙofa a buɗe take idan an samu sabuwar shaida. Lauyan kamfanin ya yi godiya, ya sanar cewa daga Litinin za a ba da sauran ɗakunan benen ga waɗanda ke kan layi.

Mutanen sito suka fita ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya zage ni. Tsohon nan mai gyaran takalmi ya wuce ta gabana kamar bango ne. Tela ta tsaya, ta dubi wandon da ke jikina, ta ce ashe ya yi min daidai, sannan ta ja hannun 'yarta.

A ofis Umma ta zauna ta cire takalmi tana murza gwiwa. Lauya ya fita waje ya ba mu wuri. Na tsaya a bakin ƙofa. Sai ta ɗago kai ta tambaye ni.

"Ɗakin yana da kyau?"

"Yana da kyau."

"Ruwa yana hawa har sama?"

"Yana hawa."

Ta gyaɗa kai kamar abin da za ta rubuta ne. Sannan ta tambaye ni dalili. Na faɗa mata duka, rigar da ake fara gogewa, laimar, jan biron, sunan da aka raɗa min a sito, maganar wanda zai riƙe ofis. A cikina manya ne, amma da suka fito a ɗakin nan sai na ji su kamar ƙorafin yaro ɗan shekara bakwai. Ta bar ni har na gama.

Ta ce ba za ta iya tura kowa daga sito ba, don duk wanda aka gane shi ya rasa ɗaki har abada. Tana buƙatar ɗan bakin rafi na gaskiya wanda idan an kore shi yana da gadon da zai dawo ya kwanta, kuma a duk unguwar ni kaɗai take da ikon ta ce wa je ka a wulaƙanta ka.

"Takardar Lauya nake bi da jan biro don ɗan mutane ne, ban san inda zai yi tuntuɓe ba. Taka ban taɓa dubawa ba." Ta mayar da takalminta. "Wataƙila ya kamata in tambaye ka yadda kake ji, ko sau ɗaya. Amma yau ba ni da lokacin wannan. Akwai waɗanda ba su samu zuwa ba, ba na so su ji a bakin wani."

Ta yunƙura ta tashi. Na kai hannu zan ɗauki jakarta, ta ce in bari, in tsaya in kulle ofis. Ta ƙwala wa Lauya kira, ya shigo ya ɗauka, ya ba ta hannu ta sauka daga dandamali. Na tsaya ina kallonsu suna tafiya a hankali, shi yana rage tafiyarsa don ta daidaita da tata. Ina so in ce Tela ce a raina a lokacin, ko yarinyar nan mai tari. Allah ya sani, abin da ya fara zuwa raina jakar ce a hannunsa.

Wata biyar ke nan yanzu. Takarda arba'in suka tashi a banza, tawa ashirin, tasa ashirin, aikin shekara biyu. Hanyar ma ta mutu, don duk wakilan kamfanin sun san ta, yanzu sai sun ga katin shaida kafin su buɗe baki. Benci biyun ofis ko ɗaya ba ya cika. Umma tana gaishe ni, tana zuba min abinci, amma da sunana na yanka take kirana. Ɗaki goma sha ɗaya da aka sa rai a benen duk an ba wasu. Iyali huɗu sun bar gari, cikinsu har da Tela, wadda ta sayar da kekenta ta koma wajen yayanta da yara uku. Bakwai suna nan a sito.